Turmin da Na Ɓoye

Litinin, 10 ga Mayu 1999, bayan azahar

Ƙasimu, autana, ya ba ni wannan littafi ya ce in riƙa rubutu maimakon yi wa bango magana. Ban yi makaranta ba. Wata huɗu na zauna a ajin yaƙi da jahilci a Sabon Birni, sai aka tashi ajin. Wanda ya ga rubutun a karkace ya yi haƙuri, hannun gizago ne.

Sunana Tankari. Shekara arba'in ina sassaƙa turmi, daga Sabon Birni har Kano. Bara, bayan rasuwar Saude uwar yarana, aka kawo ni nan Guangzhou a cire mini yanar ido. An cire. Ba a mayar da ni ba.

Gidan da muke haya yana bayan titin Huanshi, da tsakar gida da itatuwa uku a jere. Su nan bai-la suke ce musu. Ni maɗaci nake cewa don ganyen ya yi kama, ko da yake na tauna ɓawon, babu ɗaci. Mai gidan tsohuwa ce, Liang, amma duk 'yan kasuwarmu Lobaniya suke ce mata, wai uwar gida ke nan da bakinsu.

Yau na ga gari a gindin ta tsakiya. Garin itace, ɗanye. Na share da ƙafa.

An tafi da Radiyya, matar Ƙasimu, asibiti tun jiya. Da saura wata biyu ta haihu, in idona bai yi ƙarya ba. Ba maganar suruki ba ce. Ban tambaya ba.

Talata, 11 ga Mayu, da hantsi

Na sa kunne a jikin ta tsakiya. Ido ya tsufa, kunne bai tsufa ba. Ƙas. Ƙas. Shiru. Ƙas. Tsutsa ce take ci daga ciki, ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Lobaniya ta fito da tsintsiya ta same ni manne da itace. Ta yi dariya, ta nuna kanta da yatsa, wai na taɓu. Na yi mata dariya ni ma.

Laraba, 12 ga Mayu, magariba

Ruwa wuni guda. Ƙasimu ya shigo ya sake riga ya fita. Ban tambaya ba, bai faɗa ba.

Alhamis, 13 ga Mayu, bayan la'asar

Yau Lobaniya ba ta yi dariya ba. Ta zo mini da ƙwaro a cikin gwangwani. Baƙi wuluk, da ɗigon fari a bayansa, ƙahonninsa sun fi jikinsa tsawo. Ta ja ni ta nuna mini ramuka a jikin babbar da ta tsakiya, zagaye, ɗan yatsa zai shiga. Ta ɗaga kafaɗa tana tambayata da ido. Na ce mata meyo, babu. Ita ce kalmarsu da na fi iyawa.

Na san shi. Bari in rubuta sau ɗaya, kada in sake.

Bara da na zo na tarar babu turmi a gidan nan. Radiyya tana dandaƙa citta da gindin kwalba. Gida babu turmi. A siton da ake buga wa Ƙasimu akwatunan takalma na ga gungume daga arewacin ƙasar nan, da ɓawonsa, mai kauri, na sa aka kawo mini. Gungumen turmi sai ya shekara a inuwa da ɓawonsa, in ba haka ba ya tsage. Haka ubana ya yi, haka na yi. Na jingine shi a gindin ta tsakiya. Da damina na ga irin wannan ƙwaron yana fita daga jikinsa. Na toshe ramukan da laka na tafi harkata. A iya sanina, ƙwaron busasshen itace ba ya hawa ɗanye. Shekara arba'in ban taɓa gani ba.

Wata uku da suka wuce, da na ga yarinyar tana yawan neman tsami, na fara sassaƙawa. Mai jego sai da kunun kanwa, kunun kanwa sai da daka. Saura ciki da baki.

Da Lobaniya ta tafi kasuwa na ɗora shi a kan tabarma na ja shi ɗaki. Yana ƙarƙashin gado. Bayana yana ciwo.

Juma'a, 14 ga Mayu, bayan masallaci

Mun je masallacin Huaisheng da Shitu. Bayarabe ne haifaffen Ayagi, yana sayen takalma a kasuwar Zhanxi, yana jin yaren mutanen nan. Tun da ya ga zanen fuskata ya gane Bagobiri ne ban sake hutawa ba.

“Bawana, yau ba ka gaishe da ubangidanka ba.”

“Ina ubangidan? Ni buhun barkono kawai nake gani da hula.”

Muna neman takalmanmu a bakin ƙofa ya rage murya. “Yaron nan bai gaya maka ba ko? Mace ce. Tana cikin kwalba.”

“Wace kwalba?”

“Akwatin gilashi mai ɗumi. Kamar kaza a kan ƙwai, amma na lantarki.”

“Kai komai sai ka kai shi wajen abinci.”

“Uwar ta farfaɗo. Ita ƙaramar ce dai. Ba ta kai tafin hannunka biyu ba.”

Na ce masa takalmina ɗaya ya ɓata. Yana hannuna.

Asabar, 15 ga Mayu, da safe

Na yi aiki kaɗan a ɗaki. Sai ruwa ya yi ƙarfi a kan kwano nake saran, don kada a ji.

Lahadi, 16 ga Mayu, magariba

Kwana bakwai. Ba a yanka komai ba.

Talata, 18 ga Mayu, bayan azahar

Mutum biyu suka zo daga ofishin masu kula da itatuwa, da takarda da gwangwanin fenti. Suka zagaya, suka ƙwanƙwasa, suka shafa ja a jikin babbar da ta tsakiya. Ta ukun, ƙaramar da ke kusa da tagata, ba su shafa ba. Shitu yana nan, shi ya fassara. Biyun za a sare a ƙone. Ta ukun an ba ta sati uku. In an gano inda ƙwaron yake fitowa aka kashe tushen, za a bar ta a gwada magani. In ba a gano ba, ita ma ta tafi, don kada ya bi unguwa.

Bayan sun fita Lobaniya ta zauna a kan kujerar roba ta yi ta magana, ba mu take kallo ba. Shitu ya ce mijinta ne ya kawo su daga garinsu a arewa, suna kamar taɓarya, a cikin jirgin ƙasa, kwana biyu yana ba su ruwan shansa. Aka ce masa ba za su yi a zafin kudu ba. Suka yi. Shekara goma sha ɗaya da mutuwarsa.

Ta ce ba ta san abin da ta yi ba. Shitu ya fassara wannan ma.

Laraba, 19 ga Mayu, da hantsi

Mun fara aiki a kan ƙaramar, ni da Lobaniya. Ni nake sa kunne in bi sautin har in tsaya a wuri in ɗora yatsa. Ita ta zura waya a ramin ta sokale, ta tura auduga mai magani, ni in toshe da laka. Maganin yana hawa kai. Wuri huɗu muka samu. A na uku wayar ta fito da tsutsar, fara, mai ƙiba kamar yatsa.

Ta ce sheshe, godiyarsu ke nan. Ta kawo mini shayi a ɗan kofi. Na sha. Bai wuce mini da daɗi ba.

Alhamis, 20 ga Mayu, la'asar

An sare biyun. Da zarto mai inji. Abin da zai ɗauke ni kwana biyu, ban gama alwala ba sun kwanta.

A wajenmu ba a sare itace haka. Sai ka zo tun jajibiri ka dafa ta, ka yi bisimilla, ka faɗa mata abin da za ta zama. Malamai sun ce babu wannan a littafi. Na ji, amma ban daina ba.

Ina tuna su duka. Ƙiryar bakin fadama, turmi huɗu ta ba ni. Kaɗanyar gonar Magaji wadda zuma ta zauna a ciki. Marken hanyar Isa. Ƙirya biyu tagwaye a bayan maƙabarta, ɗaya ta ƙi faɗuwa sai da ta karya mini ƙotar gatari. Maɗacin da na yi wa Saude turmin aurenta da shi, har yau yana gidan yayar Ƙasimu, bakinsa ya cinye amma bai tsage ba. In na mutu babu wanda zai san a wuraren nan an taɓa yin inuwa. Yaran yanzu sun ɗauka haka Allah ya yi ƙasar, fili.

Waɗancan na san abin da suka zama. Waɗannan biyun hayaƙi suka zama.

Tsakar gida ta yi haske, irin hasken da ba a so.

Asabar, 22 ga Mayu, bayan asuba

Ƙasimu ya zauna shan shayi da ni, karo na farko cikin kwana goma. Ya rame. Ya ce masu itatuwa suna bin sito-sito suna duba katakon akwati. In suka samu a na wani, za a tsare kayansa a yi musu hayaƙin magani, jirgin ruwa kuma ba ya jira.

“Baba, gungumen nan da ka ajiye bara a tsakar gida, ina yake?”

“Na yar.”

“Yaushe?”

“Tuni.”

Ya dube ni. Yana zaune a bakin gadon, dugadugansa sun kusa taɓa shi. Ya ce to, ya tashi.

A ƙofa ya tsaya kamar zai faɗi wani abu. Ban tambaya ba.

Lahadi, 23 ga Mayu, azahar

Ciki ya kusa. Itacen yana da laushi, ba kamar ƙirya ba, amma zai yi wa mai jego ɗaya.

Litinin, 24 ga Mayu, da hantsi

Na ajiye gizago in huta, sai na ji. Ƙas. Na ce daga waje ne. Na rufe taga. Ƙas.

Ɗaya ce. Tsutsa ɗaya kawai, can wajen gindin turmin. In na gama zan gasa shi a kan wuta, ta mutu a ciki.

Laraba, 26 ga Mayu, magariba

Ba a yi ruwa ba, ban yi aiki ba. Mun samu wuri biyu a jikin ƙaramar. Lobaniya ta shafe gindinta da farar ƙasa.

Alhamis, 27 ga Mayu, bayan la'asar

Shitu ya zo da lemo. Ya ce jiya ƙaramar ta daina numfashi, suka taso ta. Na ce masa ai mun shafa mata farar ƙasa.

“Ba itace nake nufi ba, tsoho.”

“Na sani.”

Ya ɓare lemon ya miƙo mini. Bai kira ni bawansa ba yau. Da ya kira da ya fi.

Ga abin da ke raina, ko da wauta ce. In turmin nan ya gamu, za a yi jego a gidan nan. Ba a sassaƙa turmi don gidan da babu mai shan kunu. Ban ce addini ba ne. Na ce abin da ke raina.

Asabar, 29 ga Mayu, da safe

Na gama baki. Saura gogewa.

Litinin, 31 ga Mayu, bayan asuba

Na jawo shi in goge, na ga gari a kan tabarma. Rami biyu sababbi a gefe, zagaye, tsaf kamar da inji aka huda.

Ƙwaro ɗaya na samu a jikin labule. Na murƙushe shi da takalmi.

Ɗayan ban gani ba. Na duba ƙarƙashin gado, cikin jaka, bayan ƙofa. Tagar a buɗe take don zafi. Reshen ƙaramar yana taɓa ƙarfen tagar.

Ranar dai, azahar

Ban fita ba. Lobaniya ta ƙwanƙwasa da wayarta da audugarta. Na yi kamar barci.

Ranar dai, magariba

Ba ɗaya ba ce. Na sa kunne sosai. Ban taɓa yi wa kunnena ƙarya ba sai a wannan watan.

Talata, 1 ga Yuni, bayan azahar

Na aika aka kira Shitu daga Zhanxi. Ya zo yana gumi yana mita wai bawa ne yake aiken ubangida. Na ce ya kama mini tabarma. Muka jawo turmin tsakar gida, har gaban kujerar Lobaniya.

Na faɗi komai. Siton, gungumen, inuwar, lakar da na toshe da ita bara, meyon da na ce mata. Shitu ya juya ya yi mata magana kalma biyar ya yi shiru.

“Shi ke nan abin da na ce?”

“Na taƙaita.”

“Me ka ce mata?”

“Na ce ka tsinci wani itace mai ƙwaro, ka kawo a duba.”

“Ban tsinta ba. Faɗi duka.”

“Tankari, kayan yaron nan suna bakin ruwa. Matarsa tana kwance. Ka bari in gyara maganar.”

“Kai tafinta ne ko lauya? Faɗi duka, har da ƙaryar.”

Ya faɗa. Ya daɗe yana faɗa. Ta dubi turmin, ta dubi kututture biyun, ba ta dube ni ba. Ta tambayi abu ɗaya. Shitu ya ce tana so ta san mene ne wannan, kuma me ya sa na ɓoye shi. Na ce ya gaya mata na wadda ke asibiti ne. Ya fi haka faɗa, na ji, amma wannan karon na ƙyale shi.

Ta tashi ta shiga ciki. Ta fito da galan ɗin kananzir ta ajiye a ƙasa, ta koma.

Ni na fasa shi. Ban yarda wani ya taɓa ba. Na dafa shi tukuna, na yi bisimilla, ban san me zan ce masa zai zama ba. Sara uku ya rabe. Ciki duk hanyoyi, kamar gidan tururuwa. Tsutsa bakwai, da ƙwaro biyu da suka gama girma suna jiran fita. Da an daka gero sau biyu a cikinsa da ya fashe a gaban yarinyar.

Muka ƙone shi a cikin duro. Shitu ya tsaya har ya cinye.

Laraba, 2 ga Yuni, magariba

Masu itatuwa sun zo, sun duba tokar da tsutsotsin da na ajiye musu a gwangwani, sun rubuta, sun tafi sito. An tsare kayan Ƙasimu. Jirgin zai tashi babu su.

Ya shigo ɗakina ya tsaya.

“Baba, na tambaye ka.”

“Ka tambaya.”

“Da ka faɗa mini da na san yadda zan yi.”

 Ya ga gizagon a ƙasa da ɓarɓashin itace. Ya ce, “Me kake sassaƙawa?” Na ce turmi.  Sannan ya ɗauki tsintsiya ya share ɗakin. Tun yana yaro bai taɓa share mini wurin aiki ba sai an kira shi sau uku.

Juma'a, 4 ga Yuni, da hantsi

Lobaniya ba ta yi mini magana ba. Na sa kunne a jikin ƙaramar ni kaɗai, na yi alama da gawayi, na koma ɗaki. Da na leƙo na ga ta bi alamar da wayarta.

Lahadi, 6 ga Yuni, la'asar

Ta kama shi. Wanda ya tsere. A saman reshe yana gatsar ɓawo. Ta zo ta ajiye gwangwanin a bakin tagata, ta juya.

Ko ya riga ya yi ƙwai, Allah ne masani.

Talata, 8 ga Yuni, bayan azahar

Sati uku sun cika. Masu itatuwa sun zo da fentin, sun koma da shi. An bar ta zuwa baɗi, a ci gaba da magani, a riƙa dubawa kullum. Shitu ya ce Lobaniya ta gaya musu tana da mai ji. Ya ce ba “tsohon nan” ta ce ba, “mai laifin nan” ta ce.

“Ka ga an ɗaure ka shekara guda a gindin itace, bawana.”

“Gara itace da zama da Bayarabe.”

An sallamo Radiyya. Ita kaɗai. Ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce, “Baba, mun same ku lafiya?” Na ce lafiya lau. Na ce sannu. Ban ɗaga kai ba.

Alhamis, 10 ga Yuni, bayan asuba

Na buɗe ƙofa na yi tuntuɓe da abu. Turmin dutse, ɗan ƙarami, irin wanda suke dandaƙa tafarnuwa, da taɓaryarsa ta dutse. Tsoho ne, bakinsa ya yi santsi. Ba kowa a tsakar gida.

Ba turmi ba ne. Ba ya amsawa. Turmi in an daka sai maƙwabta su san gidan da rai. Wannan ƙwas-ƙwas kawai yake.

Radiyya ta daka gero a ciki sau tara kafin ya isa kofi ɗaya. Na ji ƙamshin kanwa.

Litinin, 21 ga Yuni, da hantsi

Kwana goma ban rubuta ba. Babu abin rubutawa. Kullum in sa kunne, kullum ta bi da waya. Kwana shida ke nan ban ji komai ba. Har yanzu ba ta kawo shayi ba.

Yau suka shigo su biyu, Ƙasimu yana riƙe da tawul. Ya miƙo mini kafin in shirya. Babu nauyi. Na taɓa ɗaukar ƙotar gizago da ta fi ta nauyi.

Na tambaya. Na ce, “An yi mata huɗuba?”

“Tun ranar bakwai, Baba. Ta bayan gilashi na yi. Sunan Inna ne.”

Ban san abin da ake yi ba, sai na yi abin da na iya. Na sa kunne a ƙirjinta. Akwai motsi a ciki, ƙarami, da sauri, bai yi shiru ba ko sau ɗaya. Na daɗe. Radiyya ta ce, “Baba, lafiya?” Na ce ku bari tukuna.

Saude. Shekara ɗaya da rabi ban kira sunan a kan mai rai ba.

Ana ƙwanƙwasa taga da waya. Lokacin itace ya yi.